Teɓa a Abuja da Yunwar da Ke Ɓoye a Jini

A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon tumbi a matsayin shaidar samu. Wanda ya kama aiki a Abuja, ya je gida da Sallah ya yi kumatu, sai a ce wuri ya karɓe shi. Likitoci kuwa sun jima da lura cewa mai teɓa yakan zo asibiti da ƙarancin ma'adanai a jininsa, musamman sinadarin ƙarfe da zink da magnesiyam. Jiki ya cika, jini na fama da yunwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da teɓa. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya gano kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 58 kuma na da ƙarancin jini. Mace ɗaya na iya faɗawa cikin ƙidayar biyu.

Sababi na farko yana cikin kwano. Ma'aikacin da ke fitowa daga Kubwa ko Nyanya da asuba, ya sha cunkoso kafin ya isa Sakatariyar Tarayya, ba shi da lokacin dama kunu. Shayi da burodi da safe, farar shinkafa da lemon kwalba da rana, taliyar leda da dare, sauran yini kuma a kan kujera. Gyaran da injin ke yi wa shinkafa da alkama yana tafiya da dusa, kuma a dusar ne mafi yawan magnesiyam da zink suke. Shayin da ake kora abinci da shi ma yana rage ƙarfen da hanji ke ɗauka. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a 2024, magidanta da yawa suka rage nama da kifi da ƙwai, suka ƙara abin da ke cika ciki da araha.

Sai dai ɗora laifin duka a kan abinci gajeren tunani ne, domin kitsen kansa yana hana jiki amfana da abin da ya ci. Kitsen da ya taru a ciki yana haddasa wani kumburi na ƙasa-ƙasa wanda mutum ba ya ji. Kumburin yana sa hanta ta yawaita fitar da sinadarin hefsidin, wanda aikinsa shi ne toshe hanyar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini. Don haka mai teɓa na iya cin tsire kullum, ƙarfen ya gagara shiga. Magnesiyam kuma yana taimaka wa insulin wajen shigar da suga cikin tsoka. Idan ya yi ƙaranci, insulin ya rage ƙarfi, suga ya hau, ƙoda ta riƙa zubar da ragowar magnesiyam ɗin a fitsari. Ga gajiyar da ƙarancin jini ke kawowa, wadda ke hana motsa jiki, nauyi ya ƙara hawa. Kowanne na ciyar da ɗan'uwansa, kuma hanyar ta fi ɓullewa ga ciwon suga da hawan jini.

A nan ne nake jin tsoron masu tallar ƙwayoyi a Facebook da WhatsApp, waɗanda ke cewa ƙwayar zink ko magnesiyam na narkar da tumbi. Yawancin binciken da aka yi ya nuna teɓa da ƙarancin ma'adanai suna tafiya tare ne kawai, bai tabbatar da cewa shan ƙwaya na rage ƙiba ba. Ƙarfe idan ya yi yawa yana lahanta hanta, zink mai yawa kuma yana hana jiki ɗaukar tagulla. Gwajin ma yana buƙatar idon gwani: ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na magnesiyam ɗin jiki ne ke yawo a jini, kuma kumburi na iya ɗaga ma'aunin feritin, wato ma'aunin ƙarfen da jiki ya adana, har a zaci ƙarfe ya wadata alhali babu.

Gwamnati ta wajabta ƙara ma'adanai a fulawa, ta kuma sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Naira goma ba ta hana kowa sayen kwalba a yau. A ganina abin da ya fi tasiri yana nan a kasuwar Wuse da ta Garki: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, zogale, kuka. Jiƙa gero a bar shi ya yi tsami, kamar yadda iyayenmu mata ke yin kamu, yana rage sinadarin da ke ɗaure ma'adanai a hatsi, lemon tsami kuma yana taimaka wa ƙarfe shiga jini.

Duk wanda ƙugunsa ke ƙaruwa yana kuma yawan jin kasala, ya je Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko asibitin unguwarsu, a auna jininsa da sugansa, kafin ya kai kuɗinsa kemis.