Ruwan Legas: Hukuma Biyu, Kwale-kwale Ɗaya

Ma'aikacin da ke zaune a Ikorodu yana aiki a tsibirin Legas ya san abin da gosulo ke ci masa kowace safiya. Shi ya sa da yawa suka koma bin ruwa, inda jirgi mai inji ke kai mutum CMS ko Falomo alhali na mota bai ko wuce Mile 12 ba. Sai dai ruwan Legas ba ya yafiya. Akwai igiya mai ƙarfi, akwai tsofaffin jiragen da suka nutse aka bar su a ƙarƙashi, ga kainuwa da ke rufe hanya a wasu watanni tana naɗe farfela har inji ya mutu.

Dokokin kuwa ba su da wuyar fahimta: kowane fasinja ya sa rigar kariya kafin ya shiga, kada a yi lodin da ya wuce ƙima, kada a tashi bayan dare ya yi. A ranar 8 ga Yulin 2022, jajibirin Babbar Sallah, wani jirgin fasinja ya bar Mile 2 zuwa Ibeshe da almuru. Igiya ta ja shi ta kai shi ƙarƙashin wani tafkeken jirgin dakon kaya da ke tsaye, ya kife. Fiye da mutum 15 suka rasu, cikinsu har da yara, kuma hukumar jiha ta ce ba dukansu ne ke sanye da rigar ba.

To wa ke da alhakin hana irin wannan tashi? A nan gizo ke saƙa. Gwamnatin tarayya tana da hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, domin kula da hanyoyin ruwa na cikin gida. A 2008 kuma jihar Legas ta kafa tata, LASWA. Masu jiragen fasinja da masu yashe ruwa suka wayi gari kowane ɓangare na neman su yi rajista su biya kuɗi, sai suka garzaya kotu suna tambayar wanda za su biya. Babbar Kotun Tarayya ta ba NIWA gaskiya a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin ta ba Legas a 2017, sannan a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ikon ga tarayya. Fiye da shekara goma ana shari'a, kuma abin lura, mafi yawan muhawarar a kan lasisi da haraji aka yi ta.

Manyan jiragen da ke shiga Apapa da Tin Can nasu lissafin daban ne, suna hannun wasu hukumomin tarayya, wato NPA da NIMASA, ko da yake hanyar ruwa ɗaya suke bi da ƙananan jiragen.

A manyan tashoshi irin ta Five Cowries da ke Falomo, jami'ai na tsaye suna duba riga suna ƙirga kawuna. Matsalar tana ƙananan mashigai na unguwannin bakin ruwa, inda jami'i ke tashi da yamma, fasinja ke matsa wa matuƙi ya kai shi gida, rigar da ake miƙo masa kuma ta tsufa igiyoyinta sun tsinke.