Matar da ke kwana a waje tana shaye-shaye: yadda za mu taimake ta

Tun daga 2019 iyalai suke tsallakowa daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maradi saboda 'yan bindiga. A cikinsu akwai matan da suka iso ba miji, ba dangi, akwai kuma waɗanda aka saka ko aka kora daga gidan da suka sauka. Wasunsu kan ƙare da kwana a rumfar kasuwa ko a tasha, su faɗa shan tramol, diyazefam, sholisho ko giya.

Yawanci ba lalacewa ce ta kai su ba. Wadda aka kashe mijinta a gabanta barci ba ya ɗaukarta, sai ta nemi ƙwayar da za ta sa ta barci. Wadda ke wanki da ɗibar ruwa da yunwa a cikinta takan sha tramol don ta daina jin gajiya. Sannu a hankali jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isarta.

Wurin kwana shi ne farko

Mace ba za ta bar ƙwaya ba alhali tana kwana inda kowa zai iya afka mata. Kada a ce sai ta daina sha kafin a ba ta masauki ko abinci. Iyaye mata, ku kira ta da sunanta, ku zauna da ita, ku raka ta ofishin kariya. Duka, ɗaurin mari da gori ba sa warkar da kowa.

Kada ta daina lokaci guda

Wadda ta daɗe tana shan giya ko diyazefam kullum, in ta yanke kwatsam, rawar jiki, ruɗewa da farfaɗiya na iya kama ta cikin 'yan kwanaki, har ta rasa ranta. Barin tramol kuma yana kawo gumi, zawo, ciwon jiki da rashin barci. Ma'aikatan asibiti ne za su tsara mata yadda za ta rage. Mai ciki ko mai shayarwa a kai ta da wuri.

In kun same ta a sume

Ku kwantar da ita ta gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe ta. Kada ku ɗura mata ruwa, madara ko mai. Ku kai ta asibiti nan take, tare da kwalin abin da ta sha in kun gan shi. Haɗa tramol da giya ko da maganin barci yana iya tsayar da numfashi.

In an yi mata fyaɗe, ta je asibiti kafin awa 72 don a ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Maganin hana ɗaukar ciki yana aiki har zuwa kwana 5.

Haƙƙinta yana nan

Shaye-shaye ba ya soke rijistarta da HCR. Abin da ta faɗa wa jami'an kariya sirri ne, kuma za ta iya neman mace ta saurare ta. Duk taimakon kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi ko jikinta kafin ya taimake ta, ku kai ƙararsa.

In ta daina sannan ta koma, ku sake kawo ta, wannan yakan faru a hanyar samun sauƙi. Wanda ya san irin wannan baiwar Allah ya sanar da ofishin kariya ko kwamitin mata na unguwarsa, a asirce.