Yamai: Na'urar da ke kai biki ga dangi a ƙetare

Masu ɗaukar hoton biki a Yamai kan haska ɗaurin aure kai-tsaye ga dangi a Abidjan ko Faransa. Sirrin aikin wata ƙaramar na'ura ce da ke karɓar bidiyo daga kyamara ta HDMI, ta miƙa wa kwamfuta ta USB, manhajar OBS ta watsa a Facebook.

Amma araha ba ta ado: da yawa masu tambarin 4K ba sa wuce 1080p. Gara mai saye ya nemi USB 3.0, ya gwada hoto da sauti kafin biya.

Idan intanet na ja, 720p ya fi aminci. A kuma tanadi batir saboda ɗaukewar wuta, domin ba a maimaita ɗaurin aure.