Ungulu da Zancen Sanin Gaibu

A ƙasar da ta tashi daga Aliero ta bi ta Jega ta gangara kudu zuwa Maiyama, wadda masana muhalli ke sanyawa cikin sabanar Sudan, wato dajin da ciyawa ta rinjaya, itatuwa irin su kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya kuma suke tsaye jefi-jefi a cikin gonaki, ba a taɓa yin tsuntsun daji da ya saba da mutum kamar ungulu ba. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce a ƙasar Gwandu tun ƙarni na 19, a bakin gulbin Zamfara, kuma garin da ke da kasuwa da mahauta da juji ya riga ya shimfiɗa wa ungulu tabarma ko bai gayyace ta ba. A farkon shekarun 1970, lokacin da Jega da Sakkwato ke cikin Jihar Arewa maso Yamma, masanin tsuntsaye Peter Mundy ya yi nazarin ungulayen Sakkwato, ya same su da ɗimbin yawa a kwata da kewayen gari. Yau kuwa yaro yana iya girma a wannan yanki ya iya karin magana uku a kan ungulu alhali bai taɓa ganin ta sauka ba.

Karin maganar da ta fi shahara ita ce ungulu ba ta jewar banza, kuma a kanta ne gardamar da ta fi daɗi take, domin kowa ya yarda tana sanin inda mushe yake, amma ba a daidaita a kan yadda take sani ba. Akwai masu cewa tana gani tun kafin abin ya faru, wai har tana mafarkin inda dabba za ta faɗi, hujjarsu kuwa ita ce akan gan ta a kan katanga tun ba a kayar da sa ba. Akwai masu cewa hanci ne, tunda mushe wari gare shi kuma iska na ɗaukarsa. Ra'ayi na biyu ya fi kama da hankali, amma shi ma bai tsira ba, domin nazarin masana ya nuna cewa ungulayen Afirka da Asiya da Turai da ido suke neman abinci, masu jin wari daga nesa kuwa wasu ƙalilan ne daga cikin na nahiyar Amurka, waɗanda ba dangin na nan ba ne na kusa, kamanni ne kawai da sana'a suka haɗa su. Turawa ma sun daɗe suna wannan musu: John James Audubon ya ɓoye mushe a shekarun 1820 ya yanke cewa ungulu ba ta jin wari, sai a 1964 Kenneth Stager ya tabbatar cewa wata ta Amurka tana ji ƙwarai. Da Audubon ya yi gwajinsa a Jega, da bai yi kuskure ba.

Abin da ke faruwa a sama ya fi mafarkin ban mamaki. Idan hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi takan tashi tana murɗawa sama, sai ungulu ta shiga cikinta ta buɗe fikafikai tana jewa ba tare da ta kashe ƙarfi ba. Daga can tana duban ƙasa, tana kuma duban 'yan uwanta da shirwa da hankaka, ta yadda idan guda ta naɗe ƙafa ta nufo ƙasa, ta kusa da ita za ta biyo, ta bayanta ma haka, har labari ya kai ga waɗanda ke nesa da wurin ƙwarai cikin ɗan lokaci. Wanda ke tsaye a gona ya ɗaga kai bai ga komai ba, can kuma ya ga sun cika wuri, dole ya ce akwai asiri. Nisan da manyansu ke kaiwa ma abin faɗa ne, don a 1973 wani maiki ya yi karo da jirgin sama a saman Abijan a tsayin kusan mita 11,300. Zamanta a katangar kwata tun kafin yanka kuwa ba ya buƙatar dogon ta'awili, domin tsuntsun da ya shekara yana ganin mahauta na taruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba sai ya yi duba ba kafin ya riga su zuwa. Karin maganar dai ba ta ce ungulu ta san gaibu ba, cewa ta yi ba ta ɓata ƙarfinta a banza, kuma a nan magabata sun fi masu yi musu fashin baƙi gaskiya.

Da a ce zancen ya tsaya a hira ƙarƙashin inuwa, da ba komai, amma imanin cewa ungulu ta san gaibu shi ne ya sa wa kanta farashi. Mai neman sa'a a caca ko kasuwa ko takara, da mai son ganin abin da ke ɓoye, su ne masu sayen kai da idanu da ƙwai, kuma binciken da Yohanna Saidu da Ralph Buij suka buga a 2013 a kan kasuwannin magungunan gargajiya na arewacin Nijeriya ya nuna yadda cinikin ya yi ƙarfi har ana shigo da kayan daga ƙasashen maƙwabta. Hanyar kamun kuwa guba ce, galibi maganin ƙwari na gona da ake barbaɗawa a nama, wanda ke kashe garke guda a zama ɗaya, kamar yadda aka gani a Gini Bisau a 2020, inda fiye da ungulu 2,000 suka mutu, da yawa an sare musu kawuna. Jean-Marc Thiollay, wanda ya ƙirga tsuntsaye a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin bayan kimanin shekaru 30, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sanya ungulun gari a matakin da ya fi kowane haɗari kafin ɓacewa.

Hausawa ba su taɓa yi mata kallon daraja ba, shi ya sa ake cewa an yi ungulu da kan zabo idan an lulluɓe mugun abu da kyakkyawa, ake kuma cewa in ungulu ta biya buƙata, zabuwa ta tafi da zanenta. Wannan ta biyu ta fi dacewa da ita fiye da yadda masu faɗa ke nufi, domin buƙatar da take biya babba ce: ruwan cikinta yana da tsananin tsami da ke narkar da yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, kuma gwajin da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi a Kenya ya nuna cewa mushen da aka hana ungulu ci yakan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobi masu shayarwa da ke zuwa kansa suna cuɗanya kuma su ƙaru. Indiya ta ɗanɗana wannan a shekarun 1990, sa'ad da maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ungulayenta, karnuka suka yi yawa, cutar haukan kare ta bi su, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

Sauran karin maganar ita ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, kuma ita ma ta ci jarrabawa, don nazarin da Clément Daboné ya yi a Burkina Faso ya sami yawancin sheƙoƙinta a kan ɗorawa da gawo da tsamiya, wato itatuwan da manomin Maiyama ko Aliero ke bari a gona idan yana sassabe, waɗanda kuma gatarin mai gawayi da faɗaɗar gonaki ke ragewa. Ƙwai ɗaya tak take yi da rani, uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 50, ɗan kuma ya shafe wata uku ko fiye kafin ya tashi, saboda haka garken da guba ta share a yini guda ba ya dawowa sai bayan shekaru masu yawa, in ma itacen yana nan. Gidauniyar NCF mai kare muhalli a Nijeriya ta ɗauki hanyar zama da masu maganin gargajiya don su musanya sassan ungulu da saiwoyi da ganyaye, dabarar da za ta iya cin nasara a wurin mai neman waraka daga ciwo, amma da wuya ta gamsar da wanda idon ungulu kansa ya zo saye, don shi ba magani yake nema ba.