Shari'ar Maita A Garin Salem: Wasan Kwaikwayon Da Ya Tona Asirin Mahukunta

A cikin shekarar 1692 wani bala'i ya auka wa mutanen Salem, wani ƙaramin gari a yankin Masacuset na ƙasar Amurka, tun tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Wasu 'yan mata a gidan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris, suka fara faɗuwa suna kururuwa, suna cewa mayu ne suka kama su. Kafin ƙura ta lafa an tuhumi mutum fiye da 150, an rataye 19, an kuma danne wani tsoho mai suna Giles Corey da duwatsu har ya mutu, saboda ya ƙi amsa tuhumar.

A kan wannan tarihi ne Arthur Miller ya gina wasansa mai suna The Crucible, watau tukunyar da maƙera ke narka ƙarfe a ciki, wanda aka fara nunawa a birnin Niyok a 1953.

Tushen fitinar a cikin wasan yaudara ce. An kama Abigail Williams da ƙawayenta suna rawa a daji da dare, abin da addininsu ya haramta. Don su kuɓuta daga horo, sai suka ɗora laifin a kan wasu. Da Abigail ta ga manya sun gaskata ta, sai ta juya kan Elizabeth, matar wani manomi John Proctor wanda ta taɓa yin lalata da shi, da nufin a kashe matar ta maye gurbinta. Wannan soyayya ƙagen marubucin ne, domin a tarihi Abigail yarinya ce ƙarama, Proctor kuwa ya kai shekara 60.

Sauran jama'a ma kowa ya sami abin da yake nema. Parris yana tsoron rasa limancinsa. Wani attajiri, Thomas Putnam, an zarge shi da cewa gonar maƙwabcinsa yake haƙo. Ta haka tsohuwar gaba da rikicin iyaka suka sa rigar addini suka shiga kotu.

Mafi muni shi ne tsarin shari'ar kanta. Kotu ta karɓi shaidar wanda ya ce ya ga kurwar wani tana shaƙe shi, alhali babu mai iya tabbatar da haka ko ya ƙaryata. Wanda ya amsa laifin da bai yi ba, ya kuma ambaci wasu, sai a bar shi da ransa. Wanda ya tsaya a kan gaskiya sai igiya. Alƙali Danforth, ko da shakka ta bayyana, ya ƙi dakatar da rataya, domin yin haka zai nuna cewa waɗanda aka riga aka kashe an zalunce su. Watau martabar kujera ta fi masa ran talaka. Daga ƙarshe Proctor ya sa hannu a takardar amsa laifi, sa'an nan ya yayyaga ta, ya zaɓi mutuwa da mutuncinsa.

Miller bai rubuta wasan don tarihi kawai ba. A zamaninsa Sanata Joseph McCarthy da wani kwamitin Majalisar Wakilai suna farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. A 1956 kwamitin ya kira Miller, ya ƙi faɗin sunan kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 1958.

Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda sambatun mai zazzaɓi kan isa a tara wa tsohuwa jama'a, a ce ta kama kurwa, a tilasta mata ta tsallaka majinyaci. Haka kuma ma'aikacin da ke zama a kwamitin bincike, ko yake karɓar takardar ƙara marar sa hannu, yana iya tsintar kansa a kujerar Danforth.

A Salem an yi nadama, amma a makare. Ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya nemi gafara a bainar jama'a a 1697, hukuma kuma ta biya iyalai diyya a 1711. Sai dai diyya ba ta ta da wanda aka rataya.