Matasan da ke tada matattun babura

Moton da ya yi hatsari aka jingine shi bayan gida, shi wasu matasan Maraɗi da Damagaram ke nema don sha'awa. Sukan saye shi a farashin tsohon ƙarfe, su kwance injin, su wanke karbureta da fetur, su canza buji da fistan, su fesa sabon fenti.

Sai dai makanikai na gargaɗi kan abu biyu. Idan shasi ya lanƙwashe, walda ba ta cika mayar da shi daidai ba, kuma jikin mahayi ne zai gaya masa. Sannan dole lambar shasi ta dace da ta takardun duwan. In ba haka ba, wahalar watanni na iya ƙarewa a hannun ƴan sanda bisa zargin moton sata ne.