Kafin Ka Sayi Sabuwar Waya, Ka San Abin da Masu Sharhin Farko Ba Su Gani Ba

Duk shekara manyan kamfanonin waya sukan fitar da wadda suke ji da ita, wato ta sahun gaba a kayansu. Apple ya saba gabatar da sabuwar iPhone a watan Satumba, Samsung kuma yakan fito da jerin Galaxy S a farkon shekara. Tun wayar ba ta iso kanti ba, YouTube da TikTok da Facebook sun cika da masu buɗe kwali a gaban kyamara, suna jujjuya ta, suna yabon hotonta da saurinta da ƙarfin batirinta. Kwana biyu sai ka ji samari a majalisa suna cewa "ai wannan ta gama magana," alhali babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe ta. Daga nan wani zai karyar da wadda ke hannunsa, ya ranto ciko, don kawai a ce yana cikin waɗanda suka fara riƙewa.

Sharhin farko yana da amfaninsa, amma yana da iyaka. Wanda bai san iyakar ba shi ne yakan yi asara.

Abin da ya faru a baya

A watan Agustan 2016 Samsung ya fitar da Galaxy Note 7. Masu sharhi suka yi mata ruwan yabo, da dama suka sa ta cikin mafi kyawun wayoyin shekarar. An fara sayar da ita ranar 19 ga Agusta. Kafin a cika mako biyu rahotanni suka fara fitowa cewa tana kamawa da wuta. Ranar 2 ga Satumba kamfanin ya nemi a dawo da kimanin wayoyi miliyan 2.5 don a musanya su. Sai waɗanda aka musanya ma suka ci gaba da ƙonewa, har wata ta yi hayaƙi cikin wani jirgin sama a Amurka kafin ya tashi. A watan Oktoba aka daina ƙera ta gaba ɗaya, hukumomin Amurka kuma suka haramta shiga jirgi da ita. Sai a Janairun 2017 kamfanin ya bayyana cewa matsalar daga batiran ce, waɗanda kamfanoni biyu daban suka ƙera masa. Masu sharhin ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka gani a 'yan kwanakin da wayar ta yi a hannunsu shi suka faɗa. Aibin ne bai bayyana ba sai da ta shiga hannun miliyoyin jama'a.

Shi ma Apple ya ɗanɗana. A watan Yunin 2010, da iPhone 4 ta fito, masu saye suka lura cewa idan aka riƙe ta ta gefen hagu daga ƙasa, sabis yakan ragu. Ƙorafi ya yi yawa har shugaban kamfanin na lokacin, Steve Jobs, ya kira taron manema labarai a watan Yuli, aka kuma raba wa masu wayar kwanson kariya kyauta. A 2023 ma masu iPhone 15 Pro sun yi ta kukan tana ɗaukar zafi, sai da aka saki gyaran manhaja a watan Oktoba.

Akwai kuma lokacin da sharhin farko ya ceci aljihun jama'a. A Afrilun 2019 Samsung ya raba wa 'yan jarida Galaxy Fold, waya mai naɗewa da aka sa wa farashin dala 1,980. Cikin kwanaki fuskokin wasu suka lalace. Wasu sun ɓare wata leda da ke kan fuskar bisa zaton ta kwali ce, ashe jikin wayar ce. Wani kuma datti ne ya shiga ta wajen mahaɗin naɗewa. Kamfanin ya ɗage fitar da ita zuwa Satumba bayan ya yi gyara. Wannan ya nuna cewa aibin da ke saurin fitowa masu sharhi suna kama shi. Wanda ke jiran watanni kuwa, a hannun mai saye yake fashewa. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Yadda ake haɗa sharhin

Galibin manyan masu sharhi ba da kuɗinsu suke sayen wayar ba. Kamfani ne ke aika musu ita kafin ta shiga kasuwa, tare da sharaɗin kada su ce komai sai wata rana da wata sa'a da aka ajiye. Dalili ke nan da za ka ga bidiyoyi barkatai sun fito a lokaci guda. Kowa yana tseren ya riga ɗan'uwansa, domin wanda ya fara saki shi ke kwashe masu kallo, masu kallo kuma su ne kuɗin. A irin wannan tsere babu mai lokacin jiran ya ga yadda batir zai kasance bayan wata shida.

Sannan mai sharhin yana so a sake aiko masa da wata baɗi, a gayyace shi bikin ƙaddamarwa. Ko ba a biya shi sisi ba, wannan kaɗai ya isa ya sa harshensa ya yi laushi. Wasu kuwa kai tsaye talla suke yi, an biya su. Wasu kuma suna samun kamasho duk lokacin da aka sayi wayar ta hanyar adireshin da suka liƙa a ƙasan bidiyo. Mai gaskiya a cikinsu yakan faɗa tun farko cewa aro aka ba shi, ko an ɗauki nauyin shirin. Wanda ya yi shiru kan inda ya samo wayar, ka saurare shi da kunne ɗaya.

Lambobi da hotuna ma suna ruɗi

Masu sharhi suna son nuna makin da waya ta ci a manhajojin gwajin sauri. Amma an sha kama kamfanoni suna wasa da wannan. A 2018 masu manhajar 3DMark sun cire wasu wayoyin Huawei, ciki har da P20, daga jerinsu, bayan an gano cewa wayoyin suna gane manhajar gwaji sai su saki duk ƙarfinsu, abin da ba sa yi a aikin yau da kullum. A 2022 masu manhajar gwaji ta Geekbench ma sun yi wa Galaxy S22 da wasu magabatanta haka, domin wata manhaja da ke cikinsu tana rage musu gudu a wasanni da wasu manhajoji don kada su yi zafi, amma tana ƙyale na gwaji.

Hoto ma haka. Kyamarar wayar zamani tana gyara abin da ta ɗauka kafin ta nuna maka. A 2023 wani mai amfani da intanet ya dusashe hoton farin wata da gangan, ya sa shi a fuskar kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung. Hoton da ya fito yana ɗauke da zane-zanen jikin wata da babu su a abin da aka ɗauka. Saboda haka idan ka ga hoton da ya burge ka a bidiyon sharhi, ka tuna an zaɓo shi ne daga cikin da yawa, a haske mai kyau, wanda ya ɗauka kuma sana'arsa ke nan.

Inda aka gwada ba nan za ka yi amfani da ita ba

Wannan shi ya fi shafar mai saye a Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Apple da kansa ya ce an tsara iPhone ta yi aiki a yanayin da bai wuce maki 35 na ma'aunin Salshiyas ba. A bazara zafin garuruwanmu yakan haura 40. Zafi kuwa shi ne babban abokin gaban batir: yana sa waya ta rage gudu, ta dusashe haskenta, caji ya riƙa tsayawa, batir ya tsufa da wuri. Mai sharhin da ke zaune a ɗaki mai na'urar sanyaya iska a Landan, ga wuta ba ta ɗaukewa, ba zai ba ka labarin wannan ba.

Wayar da ya riƙe ma wataƙila ba irinta za ka samu ba, ko da suna ɗaya ne. Galaxy S24 ta Amurka da injin Snapdragon ta fito, ta Turai da wasu ƙasashe da dama kuma da Exynos. Tun daga iPhone 14, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da gurbin saka katin layi, sai dai layin da ake ɗorawa ta manhaja. Wasu kuma a kulle suke da kamfanin sadarwa na can, layinmu ba zai hau ba. Da yake yawancin manyan wayoyin da ke kasuwanni irin su Farm Centre a Kano 'yan kasuwa ne ke shigo da su daga ƙasashe daban-daban, wajibi ne ka tambayi ta wace ƙasa ce, kuma ko garantinta na aiki a nan.

Sai lissafin abin da ke biyo bayan saye. Tun daga iPhone 12 a 2020 da Galaxy S21 a 2021, waɗannan kamfanoni sun daina saka kan caja a kwali, sai ka saya daban. Idan fuska ta fashe a watannin farko, mai gyara zai ce maka kayan ba su zo ba tukuna, idan ma sun zo kuɗinsu ya isa sayen wata ƙaramar waya. Haka kuma lokacin da ake ɗokin sabuwar waya shi ne lokacin da jabunta ke cika gari, kwali da komai sak.

Abin da ya kamata ka yi

Ka yi haƙuri wata biyu ko uku. A wannan tazara ƙorafin masu saye zai fito, kamfani zai saki gyare-gyare, farashin ɗoki zai sauka, kayan gyara su fara shigowa. Ka nemi sharhin da aka yi bayan an jima ana amfani da wayar, ka kuma kwatanta na mutane da dama. Idan mutum uku da ba su haɗa komai ba suka ambaci aibi ɗaya, ka ɗauke shi da gaske.

Ka tambayi mai gyaran waya na unguwarku, domin shi ne ke ganin wadda ake yawan kawowa da ciwon da ke damunta. Ka duba shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da sabunta manhajar. Google da Samsung sun yi wa Pixel 8 da Galaxy S24 alkawarin shekara 7. Sau da yawa wayar bara tana yin kusan duk abin da ta bana ke yi, ga sauƙin kuɗi, ga shi an riga an san halinta.

Ranar saye kuma ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka tabbatar ta yi daidai da ta jikin kwali. Ka saka layinka ka yi kira a nan gaban mai shago, ka gwada kyamara da caji da lasifika. Ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba da sharaɗin mayarwa a rubuce. Kada ka tura wa wani kuɗin kafin alƙalami a intanet don ya yi maka alkawarin wayar da ba ta ma shigo ƙasa ba.

Ɗan'uwa, kuɗin nan da guminka ka samo su, kuma wanda ya yaba maka wayar ba zai taya ka biyan kuɗin gyara ba. Ka kalli sharhin farko don ka san abin da ya fito, amma kada ka buɗe aljihu sai ka ji daga bakin waɗanda suka saya da kuɗinsu, suka kuma yi watanni suna amfani da ita.